Jirgin da Baffa ya ce ya ratayo mota: amsa ga wani matashi daga ƙasar Auyo

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta tambayarka. Ka ce baffanka tsohon soja ne da ya yi yaƙin Saliyo, kuma duk sanda aka zauna hira a ƙofar gida bayan la'asar sai ya kawo labarin wani jirgi mai saukar ungulu da ya taɓa shiga. Ya ce ya gan shi da idonsa ya ratayo mota a ƙarƙashinsa, ya ce mai yana ɗiga a kansu suna cikin tafiya, ya ce wani abokin aikinsa ya taɓa ƙugiyar jirgin, wutar lantarki ta ja shi ta yar. Samarin garinku na yi masa dariya a bayan ido, suna cewa tsufa ne ya sa yake ƙara gishiri. Kana son ka san gaskiyar magana. Sannan ka ƙara da cewa in har akwai irin wannan jirgi, me ya hana a kawo muku shi lokacin da ruwa ya ci gonakinku da gidajenku.

Ni makanikin jirage ne a rundunar sojan sama, a kan masu saukar ungulu na ƙare aikina, kuma ina cikin waɗanda aka tura Saliyo ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Yanzu ina gida a ƙasar Rano ina noma. Baffanka bai ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Abubuwa ukun nan da ya ambata, wanda bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin irin wannan jirgi ba ba zai iya ƙago su ba.

Jirage masu saukar ungulu hawa-hawa ne. Wanda kuka saba hangowa yana wucewa ta saman Haɗeja ko Dutse yawanci ƙarami ne ko matsakaici. Matsakaitan da sojojin samanmu ke da su, irin su Mi-17 na Rasha da Super Puma na Faransa, suna ɗaukar kayan da ya kai tan 4 ko sama da haka kaɗan, ko mutum ashirin da wani abu. Manyan kuwa, waɗanda aka ƙera su musamman don dakon kaya masu nauyi, waɗanda suka yi suna a duniya gida uku ne: Chinook da CH-53 na Amurka, sai Mi-26 na Rasha. Nijeriya ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa wanda bai fita aiki waje ba yake ganin labarin kamar almara.

Chinook, wanda kamfanin Boeing ke ƙerawa, ya fara tashi a 1961, sojojin Amurka suka karɓe shi a 1962, kuma har gobe ana ƙera sabonsa. Ba ya ɓuya ga mai kallo, domin manyan farfela biyu gare shi a sama, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowace da fiffike uku, faɗin kowace mita 18. Dalilin wannan siffa shi ne: idan inji ya juya babbar farfela zuwa gefe guda, gangar jikin jirgin sai ta nemi juyawa zuwa ɗaya gefen. Sauran jirage suna maganin wannan da 'yar ƙaramar farfelar nan ta wutsiya, wadda ke cin wani kaso na ƙarfin inji ba tare da ta ɗaga ko kilo ɗaya ba. A Chinook farfelar gaba da ta baya suna juyawa ne a saɓanin juna, kowace tana kashe murɗar 'yar'uwarta, saboda haka duk ƙarfin injinan nan biyu a ɗaga kaya yake tafiya. Fiffiken gaba da na baya suna ratsa tsakanin juna a tsakiyar jirgin, kuma abin da ke hana su karo wata doguwar sandar ƙarfe ce da ta bi ta rufin jirgin ta haɗa giyar gaba da ta baya. Ko inji ɗaya ya mutu, ɗayan yana ci gaba da juya duka biyun. Kujerunsa 33 ne, ana iya shirya shi ya ɗauki har 55, kuma yana ratayo kayan da ya haura tan 11. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Ajantina ta harbi jirgin ruwan da ya ɗauko wa Ingila Chinook huɗu, uku suka tafi da shi, ɗaya kaɗai ya tsira domin yana sama a lokacin. Wannan guda ɗaya ya taɓa kwasar sojojin laima 81 a tashi ɗaya, suna tsaitsaye a cunkushe.

Mi-26 kuwa shi ne babban yaya. Ya fara tashi a ƙarshen 1977 a Tarayyar Sobiyet, ya shiga aiki a 1983, kuma har yau babu wani mai saukar ungulu da ke aiki a duniya da ya kai shi ɗaukar kaya. Farfela ɗaya gare shi a sama, amma fiffike takwas, faɗinta mita 32. Injinansa biyu, kowane yana da ƙarfin doki 11,400. Yana ɗaukar tan 20, a cikinsa ko a rataye. In ka je Dawanau ka ƙirga buhun masara 200 mai cin kilo ɗari-ɗari, to nauyin ke nan. Cikinsa ya yi kusan daidai da na Hercules, jirgin dakon nan da kowane sojan Nijeriya ya sani, mota tana shiga da ƙafarta ta ƙofar baya. Motar sintiri irin Hilux nauyinta bai wuce tan 2 da ɗan kai ba, ka ga ke nan motar da ake yi wa Baffa gardama a kanta ƙaramin alhaki ce, ko Mi-17 zai ɗaga ta. A 2002 ma Amurkawa da kansu sai da suka yi hayar Mi-26 ya je ya ratayo musu Chinook ɗinsu da ya lalace a kan duwatsun Afganistan.

Ta yaya sojan ƙasa daga Jigawa ya haɗu da waɗannan? Sojojinmu sun shiga Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, suka tsallaka Saliyo, suka kori gwamnatin soja daga Freetown suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998, suka sha gumurzu lokacin da 'yan tawaye suka afka wa birnin a watan Janairun 1999. A ƙarshen wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunarta ta UNAMSIL, bataliyoyinmu da yawa suka sauya hula suka koma ƙarƙashinta. Ƙasar kurmi ce da ruwan sama mai yawa, hanyoyi sun lalace, ga kwanton ɓauna. Filin jirgin Lungi ma ruwa ne ya raba shi da Freetown. Saboda haka Majalisar ta yi hayar jiragen Rasha, Mi-8 da Mi-26, aka shafe su da farin fenti. A watan Mayun 2000, bayan 'yan tawayen RUF sun kame sojojin kiyaye zaman lafiya kusan 500, Ingila ta turo dakarunta, da Chinook ɗinsu, suka sauka a Lungi. Duk sojanmu da ya zauna a can a wannan tsakanin ya ga jiragen nan biyu, da yawa kuma sun shiga.

Bari in gaya maka yadda ake rataya kaya, domin a nan labarin wutar yake. Ana ɗaure kayan tun da wuri, a ce janareta ne ko tankin ruwa ko tarin buhunan shinkafa a cikin raga, a haɗa igiyoyin a zobe ɗaya. Sai jirgin ya taho a hankali ya tsaya cak a kanku, tayoyinsa ba su fi tsayin mutum biyu daga ƙasa ba. Matuƙi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa ko kaɗan. Akwai wani ma'aikaci da ke kwanciya rub da ciki a daɓen jirgin, ya leƙo ta wata taga da ke tsakiya, yana gaya wa matuƙi ta waya: matsa gaba kaɗan, yi dama, sauko, tsaya. Kai kuma kana tsaye a kan kayan da zoben ƙarfe a hannunka, iska tana neman tumɓuke ka, tsakuwa tana dukan ƙwaurinka, rigarka ta manne a jikinka, ƙarar kuwa ba a kunne kaɗai kake jin ta ba, har cikin ƙirji take dukan ka. Ka ɗaga kai sai ka ga cikin jirgin ya rufe maka sama gaba ɗaya, ƙugiya tana lilo a gaban fuskarka. Hannunka yana so ya kai mata cafka. To nan ne haɗarin.

Fikafikan nan suna gugar iska da ƙura da ɗigon ruwa, wannan guga tana tara wa jirgin wutar lantarki a jikinsa. Irin tartsatsin nan ne da kake gani in ka tuɓe riga a cikin duhu lokacin hunturu, sai dai na jirgi ya ninka shi nesa ba kusa ba. Tunda jirgin ba ya taɓa ƙasa, wutar ba ta da inda za ta bi. Duk wanda ya fara taɓa ƙugiyar, shi ne ya zama hanyarta. Shi ya sa ƙa'ida ita ce mutum biyu ke tsayawa: ɗaya yana riƙe da sanda mai waya da aka kafa ƙarshenta a ƙasa, ya fara ɗora ta a kan ƙugiyar ya riƙe, sannan na biyu ya saƙala zoben. Na ga wani kofur da gaggawa ta sa ya riga mai sandar. Daga kan tankin da yake tsaye sai ganin sa muka yi a ƙasa a zaune, hannunsa ya sage har kafaɗa, ya daɗe bai san inda yake ba. Allah Ya sa da sauran kwana. Abokin Baffa irin wannan ce ta same shi.

Bayan an saƙala, sai jirgin ya ɗaga sannu a hankali har igiya ta miƙe, ya ɗan dakata matuƙi ya duba ko injina suna da sauran ƙarfi, sannan ya wuce. Kaya marasa nauyi masu faɗi, irin kwantena da babu komai a ciki, sun fi ba matuƙi wahala a kan masu nauyi, domin iska tana kaɗa su suna lilo suna jan jirgin. A hannun matuƙi da na mai leƙen nan akwai maɓallin da za su danna su saki kayan nan take in abu ya ɓaci. Wannan ne ya sa ba a bi da kayan rataye ta saman gari in akwai wata hanya.

Maganar mai da ke ɗiga kuma, jirgin soja ba kamar na alhazai ba ne da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa. A fili kake ganin wayoyi da bututai suna bin rufi. Cikin bututan akwai man haidirolik, mai launin ja, wanda da shi ake sarrafa fikafikai, domin babu hannun ɗan'adam da zai iya murɗa su da ƙarfinsa. Man yana tafiya da matsi mai tsanani, jirgin kuma ba ya daina karkarwa, saboda haka mahaɗar bututai sukan yi tsattsafo. Kowane ma'aikacin jirgi da tsumma a aljihunsa. Mu makanikai muna da littafi da ya fayyace ɗigo nawa a minti aka yarda da shi a kowace mahaɗa. Ɗigo bai tayar mana da hankali, feshi ne ke tayarwa. Amma sojan ƙasa da aka zaunar a kujerar tamfol, ya ji abu mai ɗumi ya sauka a wuyansa, ya shafa ya ga ja, ai dole ya riƙe wannan har tsufansa.

Wani abin da na tabbata Baffa zai tuna in ka tambaye shi: akwai ranar da za a kwashi mutum da yawa, akwai ranar da jirgi ɗaya ɗin nan zai bar wasu a ƙasa alhali ga wuri a ciki. Sojoji sukan ɗauka wulaƙanci ne. Ba haka ba ne. Farfela tana ɗaga jirgi ne ta hanyar tura iska ƙasa, iska mai zafi kuwa sakayau take, haka ma ta kan tsauni. Da zafi ya ƙaru, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Lodin da jirgi zai ɗaga da asuba a watan Janairu a Kano, ba zai ɗaga shi da azahar a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sannan man da zai sha ma nauyi ne: Mi-26 yana ƙona kusan tan 3 a awa guda, in tafiya da nisa dole a rage kaya. Mai kula da lodi da ya tare ƙofa ya ce ya isa, rayukanku yake tsarewa. A watan Agustan 2002 aka cusa mutum sama da 140 a cikin Mi-26 na sojojin Rasha a Checheniya, fiye da abin da aka tsara masa. 'Yan tawaye suka harbe shi da makami mai linzami kusa da sansanin Khankala, ya faɗa a filin da aka binne nakiyoyi, mutum 127 suka mutu. Ba a taɓa asarar rayuka irin wannan a jirgi mai saukar ungulu guda ɗaya ba. Harbi ne ya kayar da shi, amma obalodi ne ya sa adadin ya kai haka.

A ƙasa irin tamu kuma babban abokin gaba shi ne ƙura. Lokacin sauka, iskar jirgin tana tayar da turɓaya ta lulluɓe shi, matuƙi ya daina ganin ƙasa a daidai lokacin da ya fi bukatar ganin ta. Yashi yana cinye bakin fikafikai, yana shiga inji yana goge shi. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura jirage takwas na gidan CH-53 cikin hamadar Iran don kuɓutar da mutanenta da aka yi garkuwa da su a Tehran. Guguwar ƙura da lalacewar na'urori suka rage su har aka fasa aikin, wajen juyawa kuma ɗaya ya yi karo da Hercules a ƙasa, sojoji takwas suka mutu. Duk da haka an yi aiki da manyan jiragen nan a Sahel bayan an shirya: Holan ta kai Chinook garin Gao na Mali, Kanada ma ta kai, Ingila ta tura guda uku a 2018 don taimaka wa sojojin Faransa. Sai dai kowane yana tafe da tawagar makanikai da matatun ƙura da kwantenonin kayan gyara.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na san ita ce ta fi ci maka rai. Na ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Auyo da Kafin Hausa da Ringim da Haɗeja, ina da 'yan'uwa a wannan yankin. Babban jirgi yana da amfani a bala'i, babu shakka. Bayan girgizar ƙasar Pakistan ta watan Oktoban 2005, Chinook ne suka yi ta jigilar abinci da tantuna zuwa ƙauyukan kan duwatsu da hanya ta yanke. Amma ni a ganina, in aka ba ni zaɓi, ba shi zan fara saya wa Jigawa ba. Iskar da Mi-26 ko Chinook ke turowa ƙasa tana yaye kwanon rufi, tana kifar da kwalekwale, katangar ƙasa da ta sha ruwa kuwa ba ta bukatar fiye da haka ta zube a kan masu gida. A watan Satumban 2000, lokacin da Chinook na Ingila suka je ƙwato sojojinsu daga hannun 'yan bindigar West Side Boys a gefen kogin Rokel, iskarsu kaɗai ta kwashe rufin bukkokin ƙauyen. Aikin da ya dace da babban jirgi shi ne ya kawo abinci da magani da janareta da ƙarafan gada zuwa wani tudu busasshe, daga nan kwalekwale ya rarraba. Tsamo mutane daga kan rufi aikin matsakaicin jirgi ne mai igiyar jawo mutum, da jiragen ruwa masu inji. Kuɗin da za a kashe wajen sayen babba guda ɗaya da riƙe shi, da horar da matuƙa da makanikai, zai gina jinga mai tsawo, ya share kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a kogin Haɗeja, ya kuma tabbatar ana sanar da ku da wuri in ruwan Tiga da Challawa ya taho. Ta fuskar yaƙi dai ina ganin rundunarmu na da bukatar 'yan kaɗan. Na tuna yadda Janar Martin Luther Agwai, lokacin yana kwamandan dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur, ya yi ta roƙon ƙasashen duniya jirage 24, 18 na dako 6 na yaƙi, har ya gama wa'adinsa bai same su ba, alhali yaranmu na can a warwatse a sansanonin da mota ke yin kwanaki kafin ta isa.

Tunda ruwa na yawan zuwa muku, wata rana jirgin agaji zai iya sauka a filin makarantarku. Ku kori yara nesa, ku ɗaure dabbobi, ku kwashe zana da leda da kwanuka, in da hali ku yayyafa wa filin ruwa. Kowa ya cire hula ya naɗe babbar riga. Kada wanda ya matsa sai ma'aikacin jirgi ya yafito shi. Jirgi mai farfela a wutsiya ba a zagaya shi ta baya, domin in tana juyawa ido ba ya ganin ta. Chinook kuwa ta baya ake shiga, ta gaba ne haɗarinsa, domin fiffiken gaba yana sunkuyowa ƙasa har ya kai tsayin mutum.

Amma ɗana, ba don tan ko mita Baffa ke maimaita labarin nan ba. In muka haɗu mu 'yan mazan jiya, a wurin biki ko ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da waɗanda suka kwanta dama, babu mai kawo lissafin ƙarfin inji. Wani zai tuna zafin hayaƙin inji da warin kananzir da ke dukan fuska in kana hawa ta ƙofar baya da jaka a bayanka. Wani zai tuna yadda ake zama gwiwa da gwiwa, bindiga a tsakanin ƙafafu bakinta na kallon ƙasa don kada harsashi ya kuɓuce ya sami inji, babu mai jin maganar wani, sai dai ka ga leɓen na gabanka yana motsi, Musulmi na karanta addu'ar hawa abin hawa, Kirista na riƙe da sarƙar wuyansa. Wanda ya zauna a sansanin daji zai gaya maka cewa tun kafin a hango jirgi ake jiyo shi, kuma wannan ƙara tana nufin shinkafa ta zo, maganin zazzaɓi ya zo, wasiƙar gida ta zo. A lokacin babu wayar hannu. Mutum yakan ji labarin an yi masa haihuwa ne daga takardar da ta fito daga cikin jirgin nan, bayan an daɗe da yin suna.

Akwai kuma ɓangaren da ba a faɗa a ƙofar gida. Jirgin da ya kawo shinkafa ba ya komawa wayam. Na taɓa dawowa a cikin wani da aka jera gadajen marasa lafiya a daɓensa. Kusa da ƙafata akwai wani yaro, bai fi shekarun da nake tsammanin kana da su ba, an naɗe masa cinya, ledar ƙarin ruwa tana rataye a jikin ƙarfen bango tana lilo. Ya kama bakin wandona ya riƙe tun daga tashi har sauka. Yana ta magana, ina ganin bakinsa, na sunkuya har kunnena ya taɓa fuskarsa, ƙarar jirgi ba ta bar ni na ji ko kalma ɗaya ba. Can baya kusa da ƙofa kuma ga waɗanda aka lulluɓe gaba ɗaya. Muna sauka motar asibiti ta kwashe su, mu kuma aka kira mu wani aikin. Kusan duk wanda ya yi Saliyo ko Laberiya ko Darfur yana da irin wannan a ransa. Mutum yakan zaɓi labarin mota da ke lilo a sama domin shi ne wanda zai iya bayarwa a gaban yara ba tare da muryarsa ta karye ba. Shi ya sa dariyar samarin nan ta ba ni haushi ƙwarai. Ka gaya musu wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

In ka lura Baffa yana cewa a maimaita masa magana, ko yana ƙure rediyo, ko yana kukan ƙara a kunne da dare, kada ku ɗora wa tsufa kaɗai. Ƙarar da ta wuce ma'aunin desibel 85 tana lalata ji in an daɗe a cikinta, cikin waɗannan jirage kuwa tana haura 100. Ma'aikatan jirgi suna da hular da ke rufe kunne, sojan ƙasa sau da yawa sai dai ya cusa auduga ko yatsa, ga kuma ƙarar igwa da ya sha. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, amma na'urar ƙara ji tana taimakawa sosai. Ku kai shi sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko babban asibiti a Dutse a auna shi. In kuma yana firgita a barci, ko yana tashi ya shige ɗaki in jirgi ya wuce, wannan ma likita na da abin yi a kai, ba abin kunya ba ne.

Kana iya gane ainihin jirgin da ya shiga. Ka same shi shi kaɗai, ba a cikin taro ba, ka nemi izininsa ka ɗauki muryarsa a waya. Ka tambaye shi farfela nawa ce a sama, wane launi ne jirgin, wane yare matuƙan ke yi, mutum nawa suka shiga, daga ina zuwa ina, a wace shekara. In ya ce farfela biyu ne, jirgin kore ne mai duhu, ma'aikatan Turawan Ingila ne, to Chinook ne, kuma zai yi wuya ya wuce shekarar 2000. In ya ce fari ne da manyan haruffa biyu baƙaƙe, UN, a jikinsa, matuƙan na yaren Rasha, su ashirin da wani abu suka shiga ta ƙofar gefe, Mi-8 ne. In kuwa fari ne amma mota ta shiga cikinsa suka zauna a gefenta, kamfani guda ya kusa ƙarewa a ciki, to Mi-26 ya hau. Abin da ya gaya maka ka rubuto mini, da sunan garin da suka sauka, wataƙila na san filin. Ka gaishe shi da kyau, ka ce wani ɗan'uwansa na sojan sama yana yi masa fatan alheri.